Taubashina Mai Karanta Tsinkakkiyar Waya

Ranar da muka kai taubashina makwancinsa, zauren gidansa bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Na zauna kusa da babban ɗansa muna amsa gaisuwa. Dangi sun zo daga Riko da Farfaru, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma akwai waɗanda ban zaci ganinsu ba. Masunta sun zo daga bakin dam, ƙafafunsu da sauran laka. Wata tsohuwa ta zo daga Gangara riƙe da rediyonta a ƙulle cikin ɗankwali, ba ta ji labarin rasuwar ba sai da ta iso ƙofar shago ta tarar da shi a rufe. Ta zauna a gefe tana kuka, rediyon yana kan cinyarta.

Wani direban babbar mota ɗan Maraɗi ya durƙusa a gabanmu, ya kama hannun ɗan marigayin ya ce, "Allah shi jiƙan Kafitan. Wallahi mutumin kirki ne."

Wani dattijo da ke bayansa ya ce, "Au, wai shi ne mai jirgin nan na yara?" Murmushi ya kusa kuɓuce masa, sai ya tuna inda yake, ya haɗiye shi, ya ɗaga hannu ya yi addu'a.

Duk wanda ya ambaci sunan nan, Kyaftin ko Kafitan, sai fuskar ɗan marigayin ta ƙara ɗaurewa. Da mutane suka ragu bayan la'asar, ya juyo ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Baba, bayan sadakar uku zan kira 'yan gwangwan su kwashe shagon. Jirgin da tarkacensa duka. Ba na so a ƙara tuna mahaifina da kayan wasan yara."

Hana shi ba hurumina ba ne. Ba ni da gado a gidan, kuma ya san, kamar yadda duk garin ya sani, cewa sunan da yake ƙi ɗin ni na raɗa shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da karatuna bai wuce firamare ba, don in faɗi abin da mutumin nan yake yi a bakin ruwa, tun da sauran wanda ya gani da idonsa.

Shi ɗan goggona ne, ni ɗan kawunsa. A al'ada ni ne ɗan namiji, don haka ni ya kamata in zama ubangida, amma bai taɓa yarda ba. "Bawana" yake kira na tun muna tsallake rafi da ƙafa, har furfura ta cika mana kai. Ya girme ni da 'yan shekaru. Ni na zama tela, shi ya zama mai gyaran rediyo, shagunanmu suna kallon juna a kan hanyar da ta nufi boda. Ban da rediyo, yana gyaran mitar mota, wato allurar nan da ke nuna gudu. A bayan allurar akwai wata doguwar waya mai lanƙwasuwa, an murɗa siraran ƙarafa kan juna kamar igiya, tana juyawa cikin bututu. Makanikai suna ce mata wayar mita. Tsofaffin Fijo da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi ba su rabo da tsinka ta, shi kuwa ba ya rabo da ɗinke ta da dalma.

Mutum ne mai jinkirin magana. In ka kawo masa rediyo, ba zai buɗe ba sai ya tambaye ka yadda ta mutu. Faɗuwa ta yi? Ruwa ya taɓa ta? A hankali muryar ta tafi ko lokaci guda? In ka ƙosa ka ce, "Malam, ka buɗe ka gani mana," sai ya ce, "Zan buɗe. Amma kai kana nan lokacin da abin ya faru, ni ba na nan."

Jirgin ya shigo rayuwarsa ne cikin kayan gwanjo. Wani direba da ke ɗauko kaya daga Kwatano ya kawo masa shi a madadin ladan gyara. Ɗan jirgin ruwa ne na wasa, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, fari da jan layi, da rimot ɗinsa mai ɗan sitiyari. Ba ya tafiya. Da ya buɗe shi ya ga ɗan inji mai aiki da batir a ciki, farfela a waje ta baya, kuma abin da ya haɗa su waya ce mai lanƙwasuwa cikin bututun tagulla, ta tsinke. Ya tsallako titi da gudu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Bawana, duba! Wayar mita ce! Waɗanda suka ƙera wanga abu, sana'ata suka sata."

Na ce, "To ka kai ƙara."

Ya yanko wayar Fijo, ya sa, muka tafi dam da yamma. Jirgin ya tashi kamar an harba shi, ya bar farin layi a bayansa. Ban ɓoye ba, ni ma na yi ihu. Bai yi nisa ba sai muka ji kukan injin ya canza, ya zama siriri, mai tsini, jirgin kuwa ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Waya ta tsinke. Farfela ta zame da guntun da ke jikinta ta nutse, har yau tana ƙasan dam. Taubashina bai iya iyo ba, ni ma haka. Sai da muka roƙi wani masunci ya ɗauko mana shi da kwalekwale.

Daga ranar ya shiga neman dalilin tsinkewar wayar nan, kuma ya yi shekaru a kai. Farfela ya koyi yankawa daga tsohon farantin tagulla, wannan bai ba shi wuya ba. Wayar ce ta ƙi shi.

Ba ya jefar da wadda ta tsinke. Yana rataye su a ƙusa a bangon shago, in ba ciniki sai ya sauko da ɗaya, ya sa tabarau, ya yi ta duban bakinta. Yakan ce waya ba ta tsinkewa a inda ta ga dama, inda aka cuce ta nan take tsinkewa. In ta yanke dab da inji, to injin bai zauna daidai da bakin bututu ba, tana juyawa tana karkacewa. Sai ya kwance injin, ya sa masa 'yar takarda ko gwangwani a ƙarƙashi, har sai waya ta shige mazauninta da kanta ba tare da an tura ta gefe ba. In ta yanke a tsakiya kuma wurin ya yi baƙi, to lanƙwasar bututun ta yi tsanani ko giris ya ƙare, zafi ya cinye ta. In bakin ya yi ja yana marmashewa, tsatsa ce, ruwa ya kwana a ciki. Tun da ya gane wannan, ko da magariba ta kawo kai, ba ya shiga gida sai ya zare wayar, ya goge ta da tsumma, ya shafe ta da giris. Mai ɗakinsa takan ce da ita ce ake kula da ita haka, da ba ta tsufa ba.

Akwai wadda ta fi wahalar da shi. Wani lokaci wayar ba ta yankewa tsaf, sai ta buɗe ta yi gashi-gashi kamar sheƙar tsuntsu, ta cushe bututun. Ya gyara zaman inji, ya sa giris, ya sake bututu, duk a banza. Wata waya ta daɗe, wata ta watse a fitar farko, alhali kaurinsu ɗaya.

Wata rana yana zaune a shagona yana shan shayina ba tare da an gayyace shi ba, kamar kullum, ina ƙoƙarin zura zare a allura. Bakin zaren ya buɗe, na lashe shi, na murza da yatsu. Ya ajiye kofi.

"Sake yi."

"In sake mi?"

"Murza shi. A'a, ɗaya gefen."

Na murza ɗaya gefen, zaren ya warware. Na mayar, ya ɗaure. Ya fizge zaren daga hannuna, ya yi ta murzawa gaba da baya, bakinsa a buɗe. Sannan ya tashi ya tsallaka titi, wata mota ta kusa kwashe shi. Ya sauko da wayoyin duka ya jera a kan tebur. Ashe ba hannu ɗaya aka murɗa su ba. Wasu dama, wasu hagu. In injin yana juyawa ta inda murɗin ke ƙara ɗaurewa, waya ta zauna lafiya. In ta ɗaya gefen ne, kwance ta yake yi. Ya leƙo daga ƙofa ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Jama'a ku shaida, yau bawana ya yi amfani!"

Daga nan kuma ya gano abu na ƙarshe. Wayar da ke ɗaurewa gajarcewa take yi in jirgi ya ɗauki gudu, sai ta janyo farfela ta manna ta da jikin ƙarfen da ke riƙe da ita. In ba wurin matsawa, sai ta tsinke a nan baya. Don haka ya riƙa barin 'yar tazara, kamar kaurin wayar kanta. Duk wanda ya gani sai ya ce, "Malam, nan bai ɗauru ba." Sai ya ce, "Bar shi. In ta shiga ruwa za ta buƙaci wurin."

To, ga inda na shigo. Wasan taubasai ba shi da iyaka a wurinmu, ko haka na ɗauka. Tun fitarmu ta farko nake ce masa Kyaftin, a shago, a zaure, yana rama mini da abin da ya fi shi zafi. Ranar wata Sallah ƙarama mutane sun cika bakin dam, ya zo da jirginsa. Lokacin bai gano maganar murɗi ba tukuna. Babban ɗansa yana wurin, ya zama saurayi, yana tsaye cikin abokansa da sabuwar shadda. Jirgi ya tashi, mutane suka taru, sai kukan nan siriri. Ya tsaya a tsakiya yana lilo.

Na haɗa hannu a baki na ce, "Kyaftin! A sauke fasinja ko a jira a turo?"

Wurin ya ɗauki dariya. Da na ga ta karɓu sai na ƙara. Na ƙame na sara masa kamar soja. Na ce a kawo masa hular kwano. Masunta ba su fito ba ranar saboda Sallah, sai ya tsaya a bakin ruwa da babbar rigarsa, rimot a hannu, yana jiran iska ta koro jirgin, mutane suna wucewa suna sara masa. Kafin sati ya zagayo yara sun sa sunan a waƙa. Direbobi suka tsallaka da shi Nijar, ya dawo ya zama Kafitan. Ɗansa ya zama ɗan Kyaftin a makaranta, a filin ƙwallo, har a gidan da ya fara neman aure. Da ya samu aiki a Katsina, zuwansa gida ya zama sai da dalili.

Taubashina ya daina tsallako titi. Damina guda ina shan shayi ni kaɗai. Da na gaji na je na same shi yana dalma, na ce, "Haba, yaushe wasa ya zama faɗa tsakaninmu?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka zage ni a zaure, haƙƙinka ne, uwata da ubanka suka ba ka. Amma mutanen kasuwa ba taubasaina ba ne. Kai ka ɗauki abin da ke namu ka raba musu."

Na ce, "Ai za su manta."

Ya ce, "Ni ban damu da su ba. Yaron nan ne ba ya iya kallona."

Na ba shi haƙuri, ya karɓa, don washegari sai ga shi da kofinsa. Amma suna ba ya komawa bakin wanda ya faɗe shi. Abin da bai yi ba shi ne barin jirgin. Sai dai ya daina zuwa dam ranar taro, ya koma zuwa da hantsi, lokacin da ba kowa sai masunta. Su kuwa sun saba da shi har suna gaya masa inda suka shimfiɗa koma, don in zare ya naɗe farfela shi ma yana tsinka waya. Yana gyara musu tocila da rediyo, ba ya karɓar komai sai kifi in sun matsa.

Lokacin da aka rufe boda, manyan motoci suka yi layi, direbobi suka yi makonni a ƙarƙashin motocinsu, guzuri ya ƙare, zuciya ta yi zafi. Shi ma cinikinsa ya tsaya. Ba shi da abin da zai ba su. Sai ya riƙa ɗibarsu kaɗan-kaɗan yana kai su bakin ruwa, yana miƙa musu rimot. Na je sau ɗaya na gani. Manyan mutane masu gemu, waɗanda ke tuƙa tirela daga teku zuwa hamada, suna rigima a kan wa zai karɓa. Wannan ɗan Maraɗin da ya zo gaisuwa yana cikinsu. Shi ne ya danna wuta gaba ɗaya daga tsaye, wayar ta ce ɗas. Ya rikice, yana ta rantsuwa zai biya.

Taubashina ya ce, "Da lodi a bayanka, haka kake sakin kulocin motarka?"

"A'a wallahi, Baba."

"To ita ma lodi gare ta. Ruwa nauyi ne. Zo ka riƙe mini tocila mu sa wata."

A 'yan shekarun nan hanyar dam ta zama abin tsoro, ba kowace rana ake bin ta ba. Ƙafafunsa ma suka fara kumbura. Sai ya koma gwada jirgin a gida, cikin babban bahon wanki, yana riƙe da shi da hannu ɗaya, farfela tana watsa ruwa har bakin madafa. Motocin yanzu kuma ba su da wayar mita, komai ya koma na lantarki, sai a wurin masu fasa tsofaffin motoci yake samu. Zuwana na ƙarshe asibiti, ya kama hannuna ya ce in gaya wa wani ya zare wayar da ke cikin jirgin, ya bar ta da ruwa. Na ce, "Kai da ke kwance, ita ce damuwarka?" Ya ce, "Bawa ba ya tambayar dalili." Ita ce maganarmu ta ƙarshe, kuma na yi dariya, na gode Allah da dariya muka rabu.

Bayan sadakar uku 'yan gwangwan suka zo da kurarsu da sikeli. Na tsaya a ƙofar shagona ina kallo. Ɗan ya buɗe shagon. Kafin a fara fito da kaya sai ƙanwarsa ta zo ta ce mahaifiyarsu tana kiransa, kuma ta ce a zo da ni.

Tana zaune a ɗakinta cikin takaba, labule a sake, mu muna tsakar gida. Ta gaishe ni, sannan ta ce da ɗanta, "Na ji ka kira masu awon ƙarfe."

"E, Inna. Tarkace ne kawai."

"An raba gado ne ban sani ba?"

Ya ce, "Inna, ba abin da zai shiga rabo a wurin. Wayoyi ne da suka tsinke da abin wasa."

"To tunda ba shi da daraja, ba wanda zan cuta. In malamai sun zo rabo, a sa mini jirgin cikin tumunina. Da rimot ɗin, da wayoyin da ke bango."

"Inna, mi za ki yi da shi? Abin da ya sa garin nan ya maida shi abin dariya?"

"Garin nan bai zauna da shi ba, ni na zauna da shi." Muryarta ba ta tashi ba. "Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa fasa kwano don fushi ba. In ransa ya ɓaci, ko da kai ne ka ɓata shi, sai ya ɗauki wayar nan ya zauna yana dubawa har ya huce, sannan ya shigo ya yi magana. Kai ka ga abin wasa. Ni na san abin da ya tare mini."

Sai ta juyo da maganar kaina.

"Kai kuma Tela, ba ka da bakin magana yau?"

Na ce, "Ba ni da shi, Hajiya."

"Dama ya isa haka. Shekara da shekaru ina jin ƙarar abin nan a bahona, ban taɓa ganinsa a kan ruwa ba. In na fita takaba, in hanya ta yi kyau, ɗana zai kai ni dam in gani."

Ɗan ya juya ya fita. Na bi shi a baya, da nisa, na tsaya a ƙofar shagona. Ya sallami 'yan gwangwan, ya ba su haƙurin wahalar da suka sha. Ya shiga shagon shi kaɗai, ya jima, ya fito rungume da jirgin. Ya buɗe bayan motarsa, ya duba, ya ga ƙarfen jak da taya, sai ya rufe. Ya buɗe ƙofar gaba, ya cire hularsa ya tare farfelar da ita, ya kwantar da jirgin a kan kujera.

Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba. Amma kafin ya tayar da mota ya sauke gilashi ya ce, "Baba, ta ina ake zare wayar?"

Na tsallaka titi na nuna masa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka yi masa sauƙin da ya yi wa mutane, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Mu da muka rage, ka kama mana harshenmu kafin namu lokacin ya zo. Amin.